Surukina da Jinkar Ɗakin Kudu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, mahaifin marigayi mijina, wanda duk gidan muke kira Baba, ya amsa kiran Mahaliccinsa a bazarar nan, bayan azahar, yana jingine da bangon ɗakina inda inuwa ta fi kauri. Ƴata ce ta kai masa fura, ta dawo da ƙwaryar a cike ta ce Kaka ya ƙi tashi.

Na sha zaman makoki a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda masu gaisuwa ke shigowa kansu a sama ba sai nasa. Mace za ta yi sallama, ta shigo tsakar gida, kafin ta nemi inda Inna uwar mijina take zaune, sai ka ga idonta ya tafi kan ɗakunanmu. Baibaya ce sana'ar Baba, wato rufa wa ɗaki ciyawa, kuma da wuya ka sami tsohon gida a ƙauyukan nan na kewayen Waca da bai taɓa hawa kansa ba. Wata tsohuwa da take takawa da ƙyar ta riƙe hannun Inna ta ce, "Shi ya baibaye mini ɗakin aurena. Mijin ya mutu, ƴaƴan sun watse, ɗakin yana nan." Ta fashe da kuka, har muka rasa ko Baba take yi wa ko ɗakin.

Taubashinsa ya zo daga Dungas a bayan kabu-kabu. Tun daga ƙofar gida muke jiyo shi yana faɗa da mamaci. "Macuci! Ba kai ka ce mini bayan salla za ka zo ka duba mini ƙoƙuwar ɗaki ba? Ka tsere ka bar ni da yoyo. To wa zai hau yanzu?" Maza suka yi dariya ba su shirya ba. Can sai muryar ta karye, aka ji yana cewa, "Na yafe, ɗan'uwa, na yafe." Akwai kuma wani tsohon Bafillace da ke sauka da shanunsa a gonar Baba duk rani. Shi bai ƙara komai a kan Allah ya jiƙansa ba. Da zai tafi ya miƙa hannu ya shafi bakin ciyawar zaure yadda ake shafa bayan saniya, ya ɗauki sandarsa.

Ni kuwa ina gefe, ina amsa gaisuwa, ina ganin yadda mata ke kallona sannan su kalli ɗakina, ɗakin kudu. Na san abin da ke ransu. Mijina ya riga mahaifinsa rasuwa, don haka ni da ƴaƴana ba mu da ko taki ɗaya a gadon gidan nan. Shekarun da na yi bayan mutuwarsa, a kan maganar Baba na yi su, ga shi an kai mai maganar makwancinsa. Yayana da ya zo daga garinmu, wanda muke jiyo kiran sallarsu in iska ta juyo, ya matso kusa ya ce a hankali, "In an yi sadakar arba'in, sai mu yi magana." Na ce to. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ba tsoron yunwa ba ne, gidan ubana ba zai hana ni tuwo ba. Ɗakin nake tsoron rabuwa da shi.

Abin da zai ba baƙo mamaki, ni da Baba ba mu taɓa zama mun yi hira ba. Kunyar surukai a gidanmu ba ta wasa ba ce. Ban taɓa ambatar sunansa ba, ba kuma zan fara yanzu don ya kwanta dama ba. In na hango shi sai in durƙusa in kau da kai in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. In yana da saƙo gare ni, kaza yake gaya wa. Sai ya tsaya tsakar gida ya dubi wadda ta fi kusa ya ce, "Ke wake-wake, ki gaya wa mai ɗakin kudu miyar jiya ta yi daɗi, amma barkonon nan kashe tsoho zai yi." Ni kuma ina bayan turmi ina danne dariya. Kajin gidan nan sun ɗauki saƙon da ko ɗan aike bai ɗauka ba.

Amma muna da rana guda a shekara, ni da shi. In bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa a gabas, sai ya jingina tsani a bangon ɗakina da tsakar rana, ya yi gyaran murya. Na san aikina. In shiga ciki da sillen kara mai tsawo, in saki asabari, in toshe ƙasan ƙofa da tsumma, in zauna a tsakiya har idona ya saba da duhun. A hankali sai su fara fitowa. Ɗigon haske nan, wani can, wani siriri kusa da ƙoƙuwa, can ƙololuwar jinka, duk inda ciyawa ta gaji har rana ta sami hanya. Baba yana kiransu taurari. Yakan ce tauraron rani shi ne yoyon damina. Aikina in miƙe in soka sillen a cikin kowane ɗigo har ya ɓullo waje. Shi kuma yana sama, in ya ga kan sillen ya leƙo, sai ya kama shi ya ɗan ja, alamar ya gani. Sai in ji motsin hannunsa yana cusa sabuwar ciyawa, tauraron ya dushe, ya mutu. In nemi na gaba.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa zama a wurin ba. Waje rana tana ƙona ƙasa, ciki sanyi da ƙamshin tsohon hayaƙi. Ƙura tana yawo a cikin zaren hasken nan a hankali, ba ta sauri ba ta tsayawa. Wani lokaci nakan manta da aikin in tsaya kallo, in ji kamar ɗakin ya saki ƙasa yana tafiya da ni, sai na ji ya buga tsaiko, itacen da ke riƙe da ciyawar, da tafin hannu sau ɗaya sannan in farga. A shekarar da na yi ɓari, na soka sillen, ya kama, bai saki da wuri ba. Ya riƙe, ni ma na riƙe. Muka tsaya a haka, shi a rana ni a duhu, kara ɗaya tsakaninmu. Daga baya ya saki ya ci gaba da aikinsa. Duk gaisuwar da aka yi mini a lokacin, tasa ce kawai na tuna.

Yana da ƙa'idojinsa, kuma ba ya sassauta wa kowa. Shuci, ciyawar baibaya, da sanyin safiya yake yankanta bayan kaka, tun raɓa ba ta bushe ba, wai in rana ta taɓa ta sai ta yi taurin kai. Gamba kuwa a iyakar gonarsa ya bar ta ta yi layi, tun zamanin mahaifinsa, ita ce zana ita ce shaidar iyaka. In ya zauna yanta, wato saƙa ciyawar da igiyar kaba ta zama doguwar shimfiɗa da za a naɗe ɗaki da ita, ba ya amsa sallama da baki, da kai yake amsawa, don igiyar tana tsakanin haƙoransa. Babbar ƙa'idarsa ita ce ba a tuɓe ɗaki tsirara. In zai sabunta baibaya, yakan cire ta sama wadda ruwa ya cinye, amma shimfiɗar ƙasa, wadda kunkunniya ta baƙanta har tana sheƙi, ba ya taɓa ta. Yakan ce hayaƙi ya riga ya dafa ta, gara ba ta son ta, kuma sabuwar ciyawa ba ta kwanciya sai a kan tsohuwa. Inna ta taɓa gaya mini ciyawar da nake gani in na kwanta rigingine, uwar Baba ma ita ta kalla, don ɗakinta ne kafin ya zama nawa. Tun daga ranar nakan kalli baƙin saman nan in yi tunanin matan da suka hura wuta a ƙarƙashinsa, da jegon da aka yi, da abin da kowace ta haɗiye ba ta faɗa ba.

Kada in mai da shi waliyyi, shi da kansa zai ce na yi masa ƙarya. Baba yana da taurin kai irin na jakin da ya ga rijiya, yana kuma son yabo ko da yake yana nuna ba ruwansa. Wata shekara wasu ƴan furoje, ma'aikatan wata ƙungiya, suka zo daga Damagaram, suka ce suna ɗaukar hoton gine-ginen gargajiya kafin su ɓace, an kuma kwatanta musu gidanmu. Baba ya ce su jira. Ya shiga ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta salla, ya naɗa rawani, ya zo ya tsaya ƙiƙam a gaban ɗakin kudu. Suka ɗauka, suka yi godiya, suka tafi. Bayan wani lokaci wani ya nuna mana hoton a waya. Jinka ce ta cika shi tun daga sama har ƙasa, Baba kuwa kan rawaninsa kawai ya shiga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ai sun san wanda ya fi kyau." Amma ranar bai ci tuwon dare da daɗi ba, Inna ce shaida.

Rigimarsa babba da Auta ce, ƙanin mijina. Auta ya yi ci-rani a arewa, ya dawo da abin hannunsa, ya gina wa iyayensa ɗakin siminti da rufin tol, wato kwano. Kuma yana da hujjarsa. Yana ƙarami gobara ta tashi a unguwar, ta bi ciyawa daga ɗaki zuwa ɗaki har ta cinye rumbuna, aka fito da shi a goye cikin hayaƙi. Wanda ya ga wannan ba za ka ce masa ciyawa ba ta da laifi ba. Baba ya shiga sabon ɗakin, ya sa albarka, ya yi ƴan kwanaki a ciki. Da ruwan farko ya sauka, washegari muka ga ya fito da buzunsa da butarsa ya koma tsohon kagonsa na ciyawa. Ya ce wa kaza, "Ni ba maƙeri ba ne da zan kwana a maƙera. Da rana tanda, da ruwa ganga." Inna ta zauna abinta a ɗakin tol, ta ce ita ta gaji da shara.

Wannan da sauƙi. Abin da ya ɓata su shi ne ranar da Auta ya shiga gona da garmar shanu ya kwashe rabin layin gamba, don ya ƙara kunya biyu ta gero. Baba ya je ya gani, ya dawo, ya tsare Auta a zaure.

"Wa ya ce ka taɓa ta?"

"Baba, bakuna sun ƙaru a gidan nan. Ciyawa ake ci?"

"A'a. Ƙarƙashinta aka haife ka."

"Ƙarƙashinta kuma na kusa mutuwa."

Damina guda suka yi suna cin tuwo a akushi ɗaya ba mai ce wa wani uffan, in hannunsu ya haɗu a miya kowa ya janye. Ban san ranar da suka shirya ba. Na dai wayi gari na ga Auta ya ɗauko masa damin kaba a bayan babur daga kasuwar Waca, ya ajiye ba magana, Baba kuma ya ce wa kaza kabar ba ta da kyau, ya zauna ya yi aiki da ita har ta ƙare.

Alherinsa gare ni kuwa, ga shi. Da mijina ya rasu, na gama takaba, dangina suka zo tafiya da ni kamar yadda aka saba. Suna zaure ana ta zagaye-zagayen magana, an rasa mai fara faɗa. Baba ya ce su yi masa uzuri, yana da ɗan aiki. Ya fito ya jingina tsani a ɗakina ya hau, ya shiga sabunta baibayar da bara-bara ya yi ta, ko tauraro ɗaya babu a jikinta. Baƙi suna zaune har la'asar, yana sama. Da ya sauko ya karkaɗe rigarsa, ya dubi kaza ya ce da ƙarfi yadda na zaure za su ji, "Ɗakin da aka sa wa sabuwar ciyawa ba a barinsa ba kowa. Gara ce ke gadonsa." Yayana ya sha ruwa, ya yi sallama, suka koma. Ni kuma na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza. Na so tsohon nan kamar uban da ya haife ni, kuma bai taɓa jin haka daga bakina ba.

A shekarunsa na ƙarshe gwiwa ta hana shi tsani, ido ma ya yi rauni. Sai ya koma zagaya ɗakuna da sanda, yana shafa bakin ciyawa da hannu, yana jan tsinke ɗaya ya karya kusa da kunnensa. In ta yi ƙara ya wuce, in ta lanƙwashe shiru ya girgiza kai. Masu kiransa aiki sun ragu, kowa ya samu hali tol yake sawa, shuci ma sai an yi tafiya kafin a samu, don gonaki sun cinye dajin. Bai yi ƙorafi ba. Yakan zauna a inuwar ɗakina da hantsi, ya ɗaga kai yana kallon ƙoƙuwa, bakinsa yana motsi. Ko tasbihi yake ko lissafin aikin da ya rage, Allah ne ya sani.

Bayan rasuwarsa da ƴan makonni malamai suka zauna aka raba gida. Kusurwar kudu ta faɗa rabon Auta. Ba zalunci a ciki, shari'a ce, kuma iyalinsa sun yi yawa, ƴaƴansa maza suna kwana a zaure. Kowa ya san gini zai yi a wurin. Bai ce mini in tashi ba, ni ma ban jira ya sha wannan nauyin ba. Na aika wa yayana na ce ya zo ranar arba'in da amalanke. Na shiga ɗaure kaya. Kwanonin jere, tukwane, gadon ƙarfe, duk abin da ke ɗakin yana ɗaukuwa, ban da abin da nake so. Kwanakin nan Auta ba ya haɗa ido da ni, shi da kullum sai ya tsokane ni ya ce matar Yaya ta tsufa. Na ɗauka kunya ce. Sau biyu na ga ya fita da babur wajen garinmu da igiya a kafaɗa, ban kawo komai a raina ba.

Ranar arba'in aka yi addu'a da hantsi, aka raba waina da goro. Amalanke ta tafi da kayana. Ina cikin sallama da Inna, sai na ji Auta a ƙofar gida yana cewa, "Jama'a, don Allah kada kowa ya tafi. Akwai sauran aikin Baba." Sai ga maza suna shigowa tsakar gida, tsofaffi da matasa, suna naɗe hannun riga, wasu da gwafa wasu da gammo. Suka kewaye ɗakin kudu. Auta ya zo ya tsaya nesa kaɗan da ni, yana kallon ƙasa.

"Matar Yaya, malamai sun ce ƙasa tawa ce, bango nawa ne. Na saurara da kyau, ban ji wanda ya ambaci ciyawa ba. Na kai awo wurin yayanki, an ja bango daidai da jinkar, ya bushe."

Wani daga baya ya fara, "Ai dama hannu ɗaya ba ya…" Inna ta katse shi, "Ɗauki tukuna, karin magana ya biyo baya."

Suka sa gwafa, suka yi bisimilla, suka ɗaga. Jinkar ta yi wata ƙara mai tsawo, ta saki bangon da ta zauna a kai tun kafin a haife ni, ƙura da kunkunniya suka zubo. Aka kwantar da dangar kudu don ta sami hanya. Ta fita daga gidan a kan kawunan mutane, tana rangaji, ba ka ganin kowa sai ƙafafu. Na tsaya ina kallo kamar a mafarki. Inna ta tura ni da gwiwar hannu ta ce, "Ke kuma me kike jira? Shiga ƙarƙashi, rana ta yi zafi. Ɗakinki ne."

Na sunkuya na shiga. Haka muka bi burtali, muka ratsa gonakin da aka share ana jiran ruwa, gawo yana wucewa ɗaya bayan ɗaya, ni a tsakiya cikin inuwa, maza kewaye da ni suna nishi suna canjin kafaɗa. Taubashin Baba yana biye da sandarsa yana yi musu tsawa su daidaita ƙafa. Sau ɗaya na leƙa baya ta tsakanin mutane. Na hango Inna tsaye a cikin bangon da ba rufi, rana ta cika shi fal, ta ɗora hannu a ka.

Da muka isa gidan ubana aka ɗora ta a sabon bango, ta zauna daram. Mutane suka nemi ruwa. Auta ya zo, wuyansa duk ya goge, baƙin hayaƙi ya ɓata masa rigar makoki. Ya ɗaga kai ya dubi jinkar, ya daɗe, sannan ya ce, "Matar Yaya, in ta yi yoyo ki aiko. Ban iya ba, bai samu ya koya mini ba, ni ma ban tsaya ba. Amma zan hau."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Ya rufa mana asiri da ciyawa iyakar ƙarfinsa, Allah ya sa shi a inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Amin.